Ruwan lagireto na ƙarewa, ƙasa ba ɗigo, gilashi kuma sai gumi

Abban Khadija: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in bari a buɗe wa motata inji. Corolla ce ƙirar 2007, 'yar Kwatano, shekara huɗu ke nan tana hannuna. Kusan wata guda yanzu ruwan lagireto yake raguwa. Da farko sai an yi sati nake ƙara kamar kofi ɗaya, yanzu duk kwana biyu sai na zuba kusan rabin lita. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe ko ɗigo babu. Allurar zafi ba ta taɓa haura rabi ba. Sai abu na biyu, wanda ban sani ba ko hanyarsu ɗaya: gilashin gaba yana gumi ta ciki, musamman da asuba in zan fita daga Samaru. In na sa tsumma sai ya ƙara dagulewa, kamar an shafa masa man gyaɗa. Ranar Lahadi da dare a hanyar Kaduna fitilun masu tahowa suka watse mini a gilashin, dole na sauka gefen titi. Makanikena ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (tof) da jikinsa, in kawo a sauke tof ɗin. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi.

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam Malam. Gasket ne, ka kai kawai. Ruwan da ba ya zuba ƙasa ina zai je in ba cikin inji ba? Shekarata sha biyu ina jigilar Kano zuwa Jos, sau biyu aka yi mini wannan aikin. Gumin gilashi kuwa ai damina ake, kowace mota tana yi.

Hajiya Maman Walid: Malam, ka taɓa kafet ɗin wajen ƙafar mai zaman gaba? Tawa ta yi irin wannan bara, kullum gilashi a jiƙe, ashe tiyon da ke zubar da ruwan AC ne ya toshe, ruwan yana dawowa cikin mota. Yaro ya zura waya ya buɗe shi, ko minti goma bai yi ba.

Sale Mai AC: Gaskiya Hajiya, wannan muna ganinsa kullum da damina. Amma ruwan AC daban, na lagireto daban, ba su da mahaɗa. Na AC danshin iska ne yake taruwa, kamar yadda gorar ruwan sanyi take zufa in an fito da ita daga firji. Toshewar wancan tiyon ba za ta rage wa Malam ko cokali ɗaya a lagireto ba.

Baba Na Panteka: Abban Khadija, kada ka bari kowa ya sa sifana a kan tof ɗin nan tukuna. Amsa mini uku. Gumin nan, in ka shafa da yatsa ka murza, santsi yake yi ko ruwa ne zalla? In ka buɗe ƙofa da safe bayan motar ta kwana a rufe, wane irin wari kake ji? Sannan da ka tayar da ita, kana jin ƙarar ruwa a bayan dashbod, kamar ana tsiyaya shi daga buta?

Abban Khadija: Ranka ya daɗe Baba, santsi yake yi. Warin kuma akwai, wani zaƙi-zaƙi kamar alewa ta ƙone, har uwargida ta ce yara ne suka zubar da lemo a kujera, aka yi musu faɗa a banza. Ƙarar ruwan ma ina ji, na ɗauka haka motar take.

Baba Na Panteka: To ka ba yaran nan haƙuri. Hita ce take yoyo. A cikin dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, girmansa bai wuce littafin makaranta ba, an saka shi ne domin ɗumama cikin mota. Ruwan inji mai zafi yana shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗaya. In ya huje, ruwan ba ya kaiwa ƙasa, kafet da soson da ke ƙarƙashinsa suke shanyewa, shi ya sa kwalinka ya kwana a bushe. Wanda bai sauka ba ya zama tururi, fanka ta busa shi a gilashi. Santsin da warin duk na kulant ne, wato sinadarin da ake haɗawa da ruwan lagireto. Ƙarar da kake ji iska ce ta shiga inda ruwa ya bari.

Abban Khadija: Amma Baba ni ban taɓa kunna hita ba tunda na sayi motar. Wa zai kunna hita a Zariya?

Injiniya Bash: Yaya, a nan mutane da yawa suke ruɗewa. A irin motarka babu famfon da yake tsayar da ruwan in ka kashe hita. Kullum inji na aiki ruwan yana zagayawa ta ciki, ko a watan Afrilu ne. Makunnin da kake juyawa daga shuɗi zuwa ja wata 'yar ƙofa kawai yake motsawa, ita take zaɓar ko iska ta bi ta kan hitar ko ta kauce mata. Tsofaffin motoci ne suke da famfo a kan tiyon. Saboda haka hitar da ba a taɓa kunnawa ba ta sha aiki daidai da lagireton gaba, kuma bututunta sun fi sirara.

Ɗan Tasha: Ni dai ban gamsu ba. Rabin lita a kwana biyu fa aka ce. Da a cikin mota yake zuba ai da Malam yana tuƙi a cikin tafki.

Baba Na Panteka: Ɗan Tasha, ka taɓa ɗaga kafet ɗin mota ka ga soson da ke ƙasa? Yana iya riƙe lita biyu sama tana bushe. Abban Khadija, cire tabarmar roba, ka zura hannu ta gefen da ke kusa da giya, ka danna da ƙarfi. Ka duba ɓangaren direba ma.

Abban Khadija: Innalillahi. Baba, a jiƙe yake sharkaf ta gefen fasinja. Na sa farar takarda, ta fito da launin kore-kore da tsatsa.

Hajiya Maman Walid: To ka ga bambanci, nawa fari ne tas kuma ba wari. Na janye zancen tiyo.

Injiniya Bash: Amma kada mu yi watsi da maganar Ɗan Tasha gaba ɗaya, domin akwai inda biyun suke haɗuwa. In gasket ya fara ƙonewa, iskar da ke cikin silinda tana kutsawa hanyar ruwa, matsi ya yi yawa, sai ya nemi wuri mafi rauni ya fasa. Sau da yawa wurin hita ne. Ka canja hita ba ka duba gasket ba, sabuwar ma ta fashe, ko tiyo ya tsage maka a daji. Gwajin ba shi da wuya. Gobe da safe, inji da sanyi ƙalau, buɗe murfin lagireto, cika shi har wuya, ka tayar. In ka ga kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, akwai magana. Mayar da murfin, bayan minti ɗaya ka matsa babban tiyon sama: in ya yi tauri kamar taya alhali inji bai yi zafi ba, akwai magana. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa ƙarƙashinsa, ka zaro sandar awo, ka ga ko man ya koma kalar shayi da madara. Sannan ka tsaya bayan salansa bayan inji ya ɗau zafi. Farin hayaƙi na minti biyu da sanyin safiya ba komai ba ne, raɓa ce. Wanda ya ƙi ɗaukewa kuma yana warin zaƙi shi ne abin tsoro.

Baba Na Panteka: Yaron nan ya yi gaskiya. In ƙara ɗaya: a kwance fulogi huɗun a jera. In ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa da ɗan toka, to ruwa na shiga wannan silindar, tururi ne ya wanke shi. Irin wannan motar takan yi ɗan kakkarwa in an tayar da safe kafin ta daidaita.

Abban Khadija: Ba ta kakkarwa ko kaɗan. Sauran zan gwada gobe in Allah ya kai mu.

Sale Mai AC: Don Allah Malam, da sanyi aka ce fa. Akwai yaron maƙwabcin shagona da ya buɗe murfi mota na tafasa, har yau tabon yana wuyansa.

Injiniya Bash: Dalilin haka shi ne murfin nan ba murfi ne kawai ba. Duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da yake riƙewa ke nan. Matsin ne yake hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Ka buɗe da zafi, matsin ya tafi lokaci ɗaya, ruwan duk ya tafasa a fuskarka. Kuma murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai yana iya sa ruwa ya riƙa raguwa ba a ga yoyo ba, domin yana turawa cikin robar ajiya ya malale a kan hanya. Abu ne mai araha da ake mantawa da shi.

Ɗan Tasha: To in ma hitar ce, me ya yi zafi? A fasa ɗanyen ƙwai biyu a lagireto, ko a zuba garin masoro. Na taɓa yi a Saminaka ta kai ni har Kano.

Baba Na Panteka: Ta kai ka Kano, daga nan fa? Faɗa musu ƙarshen labarin mana.

Ɗan Tasha: Baba ka cika tone-tone. Daga baya dai an sauke lagireton an tsefe shi.

Baba Na Panteka: Yauwa. Ƙwai bai san ramin da kake so ya toshe ba, duk ƙaramar hanya tasa ce. A daji da dare ba zan zargi kowa ba. Amma mutum yana gidansa a Samaru, makanike na bakin titi, ba shi da uzuri. Haka ma garin gwangwanin nan da ake sayarwa na toshe yoyo. Ni abin da nake so in sani, Abban Khadija, wane ruwa kake zuba wa motar nan shekara huɗu?

Abban Khadija: Gaskiya na rijiyar burtsatse ne, wani lokaci fiya wata. Da ta zo akwai wani ruwa mai launin hoda a ciki, da aka yi sabis na farko aka zubar aka ce na ƙasar sanyi ne, ba ma buƙatarsa. Sai da ta fara raguwar nan na sayi kore na galan ina haɗawa.

Injiniya Bash: Ga asalin ciwon nan. Mai launin hodar nan shi ne na kamfani, kuma yana daɗewa sosai kafin ya buƙaci canji. Gaskiya ne rabi da rabi da ruwa yana hana daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, mu wannan bai dame mu ba. Amma a cikinsa akwai maganin tsatsa, kuma yana ɗaga ma'aunin tafasa. Ruwan burtsatse yana da gishiri-gishiri, duba cikin butar shayin gidanka ka ga farin da yake kamawa. Shi ne yake kamawa a cikin hita, ga shi alminiyon ce siririya. Fiya wata ma na sha ne, ba tataccen ruwa ba ne. In za a haɗa kulant, da tataccen ruwa ake haɗawa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid aka ba ka ba. Ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa.

Hajiya Maman Walid: Ni tawa damuwar ba ta inji ba ce. Malam, da wannan motar kake kai yara makaranta? Sinadarin da ke cikin kulant, etilin gilaikol, guba ne, kuma zaƙi gare shi, shi ya sa yara da dabbobi suke sha. Ƙoda yake lalatawa. Galan ɗin da ka saya kada ka bar shi inda hannun yaro zai kai, kuma kada a juye shi a gorar lemo. Shaƙar tururin ma a rufaffiyar mota ba alheri ba ne, ka riƙa sauke gilashi har a gyara.

Abban Khadija: Wallahi Hajiya a ƙarƙashin bene yake, yanzu na aika a ɗauko shi. Allah ya saka da alheri.

Abban Khadija: Barkanmu da safiya. Na yi gwajin. Kumfa kaɗan ta fito da farko ta tsaya. Tiyo da laushi har sai da inji ya yi zafi. Baƙin mai lafiya lau. Salansa ba hayaƙi. Na je wajen wani mai famfon gwaji a Sabon Gari, ya ɗaura a bakin lagireto ya buga iska, allurar ta riƙa sauka a hankali, muna leƙawa sai ga ɗigo yana sauka daga ƙasan akwatin hita. Gani ya kori ji. Ya kuma yi gwajin wani shuɗin ruwa a kwalba, ya ce in ya koma ruwan ɗorawa gasket ne. Bai canja ba.

Ɗan Tasha: To na sallama. Amma yanzu ka ji tawa: kada ka yarda a kwance maka dashbod. A ɗaure hitar kawai. Tiyo biyun nan da suke shiga bango ta bayan inji, a cire su a haɗa bakinsu da lanƙwasasshen bututu, a sa kilif, shi ke nan. Rabin motocin tasha haka suke yawo.

Sale Mai AC: A nan kam ina bayan Ɗan Tasha ta wani gefen. Canja hita ba ƙaramin aiki ba ne. A yawancin motocin nan sai an sauke dashbod gaba ɗaya, sau da yawa a zare gas ɗin AC domin akwatinsu ɗaya, a yini ana abu ɗaya. In aka samu mai gaggawa, ya karya maka ƙugiyoyin roba, motar ta koma ƙara kamar akwatin ƙusa, ko fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa. Kuma hitar da za a samo a Panteka ko Ƙofar Ruwa ta hannu ce, shekarunta ɗaya da taka.

Baba Na Panteka: Ta hannu ce amma ba ta sha burtsatse ba. Kuma ana gwada ta kafin a saka: a toshe baki ɗaya, a busa iska ta ɗayan, a nutsa ta a bokiti a ga ko za ta yi kumfa. Ɗaurewa ba laifi ba ne, ni ma ina yi wa mutane, kuma ba ya cutar da inji in an yi shi da kyau. Abin da na ƙi shi ne wanda zai lanƙwashe tiyo ɗaya ya karye a tsakiya, ko ya cusa tsohon fulogi ya toshe, ko ya sa bututun ruwan gida na roba. Zafin nan ya kusa digiri 90, roba ta banza narkewa take yi. Amma tambayar ita ce ina motar take zuwa. Ɗan Tasha, kai da kake shiga Jos, ba ka taɓa sauka Hawan Kibo da asuba a watan Agusta ba?

Ɗan Tasha: Hanyata ba ta bi ta nan, Baba, amma na san hazon. Tsumma ne da buɗe gilashi.

Baba Na Panteka: Tsumma a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya, a kan gangara. Allah ya kiyaye.

Injiniya Bash: Baba, da izininka, a nan zan ɗan saɓa. Abin da yake share gumin gilashi da sauri AC ne, domin shi yake tsotse danshi daga iska. Ka kunna AC, ka juya iskar zuwa gilashi, ka kashe makunnin da yake juya iskar cikin mota domin ta waje ta shigo, cikin minti ɗaya ya washe. Mutane da yawa suna barin makunnin nan a kunne shekara da shekaru, mutum biyar suna numfashi a ciki ana ruwa, sannan su ce gilashi ya lalace. Inda hita take da amfani shi ne in AC ya sanyaya gilashin har ya fara gumi ta waje, ko sanyi ya hana ka jure AC ɗin. A nan sai ka haɗa biyun, busasshiyar iska mai ɗumi.

Baba Na Panteka: Ai ka dawo kan maganata da kanka. Haɗa biyun shi ne aikin. Wanda ya ɗaure hita rabi ya rage masa, ranar da gas ɗin AC ya tsiyaye kuma ba shi da komai.

Abban Khadija: Surukaina a Bukuru suke, duk hutun Disamba muna can, kuma da asuba muke kamo hanya. Ina ga zan ɗaure yanzu saboda aljihu, in an yi albashi biyu a canja kafin hunturu. Ko akwai matsala a haka?

Baba Na Panteka: Babu. Ɗaurewar ma wani gwaji ne: in ruwa ya daina raguwa bayan sati, ka tabbata hitar ce kaɗai. In ya ci gaba, a duba famfon da yake zagayawa da ruwan inji, akwai ɗan rami a ƙasansa da yake barin busasshen farin tabo in ya fara tafiya. Ka sa a wanke hanyar ruwan har ya fito fari kafin a zuba sabon kulant, kuma iri ɗaya, kada a gauraya kore da hoda. Motarka tana cin lita shida da wani abu. Bayan an cika a bar ta tana aiki murfi a buɗe, gaba ya ɗan ɗaga, har fanka ta tashi, iska ta gama fita. Washegari da sanyi ka sake dubawa, za ta nemi ƙari kaɗan, wannan ba yoyo ba ne. Tamostat ɗinka, mai tsare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya ɗau zafi, yana nan kuwa?

Abban Khadija: An cire shi ranar da aka zubar da ruwan hodar, aka haɗa fanka kai tsaye.

Injiniya Bash: Na san za a zo nan. Shi ya sa allurarka ba ta haura rabi, ba don komai lafiya ba. Na motarka a digiri 82 yake buɗewa, an yi injin ne ya yi aiki a wannan zafin. Ba shi, inji yana daɗewa da sanyi, kwamfuta tana ƙara masa fetur. Kuma kada ka dogara da allura in ruwa ya yi ƙasa sosai, domin ma'aunin a cikin ruwa yake karatu, in ya tsaya a iska yana iya nuna maka lafiya tof na gasuwa.

Ɗan Tasha: Kai Injiniya, maganar tamostat kada ka taso ta yau, sai mu kwana a nan. Ni tawa ba shi, kuma ba zan saka ba.

Sale Mai AC: Ku bar wannan zuwa gobe. Malam, kafet ɗin nan kada ka ce rana za ta busar da shi a cikin mota, kulant ba ya bushewa kamar ruwa, danƙo yake bari. A cire kujerar gaba, a ɗaga shi, a wanke soson da ruwa mai yawa a shanya kwana biyu, a duba wayoyin da suka bi ta ƙasa ko sun fara kore. In ba haka ba ko an ɗaure hita gilashin zai ci gaba da gumi ka ce aikin bai yi ba. Gilashin kuma ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, sannan ka bi da tsohuwar jarida. Tsumman da kake gogewa da shi ka jefar, shi ma ya sha.

Abban Khadija: An ɗaure yau kwana shida ke nan. Na yi alama da biro a jikin robar ajiya, ruwa bai motsa daga kan layin ba. Gilashi garau, na je Kaduna na dawo da dare. Soson yana kan igiya har yanzu, uwargida ta ce warinsa ya hana kaji zuwa wajen.

Hajiya Maman Walid: Gara da suka ƙi zuwa. Ruwan da aka wanke shi da shi fa, ina aka zubar?

Abban Khadija: A wajen wankin mota aka yi, Hajiya, ba a gida ba. Baba, in lokacin ya yi zan kawo ta Kaduna da kaina, amma a gabana za a nutsa hitar a bokiti.

Baba Na Panteka: Ka taho da bokitinka ma in kana so. Ka zo da sassafe, kuma ka taho da kuɗin tamostat.